Ƙarfen Gefen Motar Alhaji Mannir

Samarin yanzu in sun zo shagona nan Ƙofar Sauri, gaisuwa ba ta gama sauka ba sai ka ga an miƙo mani waya. Hoton wata jif ce ta ƙasar waje, an ɗaura mata ƙarfe ƙasan ƙofofi, tun daga tayar gaba har ta baya, yana ta ƙyalli. Sai su ce, "Baba Bishir, irin wannan nike so. Ai faif biyu ne kawai, ko? Zuwa la'asar ka gama."

Shekara talatin da 'yan kai ina walda, ban taɓa gama ƙarfen gefe a yini ɗaya ba. Wasu kuma tambaya suke zuwa da ita, wai shin ƙarfen nan yana da amfani ga motar shiga daji ko ado ne kurum. Ni ba na ba da amsa sai na san hanyar da motar take bi. Amma bari in fara daga inda na faro, don ku san bakin da ke yi maku magana.

Aikin farko da aka bari na riƙe wuta a kansa, ƙafar baro ce. Ina gama firamare mahaifina ya kai ni wurin Malam Iro mai walda a Ƙofar Durbi. Shekara biyu cur aikina kankare tsatsa, riƙe ƙarfe, naɗe waya, share shago. Ranar da ya miƙo mani maƙalin wuta ya ce in haɗa ƙafar baron nan, na zauna na jera mata walda mai kyau, sumul kamar ɗinkin hula. Na kai mashi ina jiran yabo. Ya juya ta, ya ɗauki guduma ya buga sau ɗaya. Ƙafar ta faɗi can, baron ya faɗi nan.

Ya ce, "Lalle ka sa masu, Bishir, ba ka ɗaura masu aure ba. Walda ba a saman ƙarfe take ba, a cikinsa take."

A makon nan ne kuma na ɗaga tabarau don in ga aikina da kyau. Washegari na tashi idanuna kamar an zuba masu yashi, kwana biyu ana ja na zuwa masallaci. Malam Iro bai yi mani faɗa ba. Cewa ya yi wuta ta riga shi.

Kayan aikin ba su da yawa. Injin walda, giranda ta yanka da goge ƙarfe, injin huda, zarto, guduma, sifana, tef na awo, da alli. Sai jak na ɗaga mota, wani tsoho mai nauyi da Malam Iro ya ba ni ranar da ya sallame ni. Na ƙarshensu shi ne hannu, domin a ƙarƙashin mota akwai wuraren da ido ba ya kaiwa, yatsa kaɗai ke gani.

Wata jif fara da wani saurayi ya kawo mani ita ce ta koya mani abin da mugun ƙarfen gefe ke yi. Ya zo yana fitowa ta ƙofar fasinja, don tasa ta ƙi buɗuwa. Wani ne ya yi mashi aikin da faif marar kauri, irin wanda muke ƙera gado da shi, ya kuma liƙa shi a jikin bodin mota. Da ya hau kan dutse, dutsen ya tura faif, faif ya tura bodi, bodi ya danne ƙofa. Da babu ƙarfen ma gaba ɗaya, fenti kawai dutsen zai goge ya wuce. Bodin mota gwangwani ne. Ƙarfin mota yana ƙasa, a wasu dogayen ƙarafa biyu da inji da tayoyi da komai ke zaune a kansu, waɗanda muke kira casis. Ƙarfen gefe in ba a casis ya kama ba, kwalliya ce mai cutarwa.

Ni ga yadda nike yi. Faif mai kauri, wanda in ka ɗaga shi kafaɗarka za ta sani. In yi mashi ƙafa uku a kowane gefe, kowace ƙafa da farantin ƙarfe, in huda casis in ɗaure da bol biyu biyu. Ba na kai wuta jikin casis, don zafi yana rage mashi ƙarfi, ga kuma tankin mai kusa. In na gama, sai in kira mai mota, in sa jak ɗin Malam Iro ƙarƙashin ƙarfen, in ɗaga har tayoyin gefen nan su bar ƙasa. Ƙarfen da ya kasa ɗaukar mota a shagona, ba zai iya da dutse ba a daji.

Wani malamin dabbobi kuma ya zo da tasa, ya ce a sa mata. Na tambaye shi ina yake zuwa, ya ce ƙauyukan arewa, wajen Kaita. Na ce zan bi shi in ga hanya. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nike. Na shiga gaba muka tafi. Tun safe har azahar ban ga dutsen da ya kai kan jariri ba, yashi ne kawai da busassun rafuka. Da muka dawo na ce mashi, "Likita, kada ka sa. Nauyi za ka ƙara wa mota, ta ƙara shan mai, kuma in ta nutse a yashi ƙarfen ne zai fara kwanciya ya hana ka haƙa. Ka sayi shebur da katako biyu." Maƙwabcina Ɗan'asabe mai faci ya daɗe yana ba da labarin nan, wai shi bai taɓa ganin mai sana'ar da ya yi tafiyar yini guda don ya kori ciniki ba.

To, sai shekarar nan mai wuya. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi watanni ba wuta. Da aka gyara ta, wutar sai ta koma leƙe, ta zo ta yi awa guda, wata rana ko rabin awa ba ta cikawa. Man fetur kuwa ya yi tsadar da janareta ya zama abin ɗora buta. Sai muka koyi wani salon aiki. Duk abin da hannu zai iya, a yi shi tun da wuri: a auna, a yanka da zarto, a jera komai kusa da inji, a zauna jira. Injin iskar Ɗan'asabe ne ke fara ruri in an kawo wuta. Da ka ji wani ya ce "An kawo!" sai layinmu duka ya tashi da gudu. Mai shan shayi ya aje kofi, mai alwala ya ƙarasa a tsaye. Na ga dattijo mai furfura ya tsallake benci saboda wuta.

A cikin wannan hali Alhaji Mannir ya kawo jif ɗinsa. Tsohon ma'aikacin sakatariya ne da ya yi ritaya ya koma noma, gidansa na Ƙofar Marusa. Gonarsa da ƙauyen mahaifiyarsa suna can gaba da Dutsin-Ma. Wannan hanyar na san ta, na taɓa bin ta. Gargada ce tun daga inda kwalta ta ƙare, kuma kafin a shiga ƙauyen akwai wani dogon gangare mai duwatsu da ke sauka cikin rafi. Shi kam na ce mashi ya sa, hanyarsa ta cancanta. Ya ce lallai in gama kafin Asabar ta sama, domin zai kai mahaifiyarsa sunan tattaɓa-kunnenta.

Kwana tara ina aikin nan, ina tsintar wuta kamar mai kalar gyaɗa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, saura bol biyu na ƙafar baya ta hagu. Ku saurara da kyau a nan. Bol yadda ake sayo shi a kasuwa dogo ne. Ni nike yanke shi daidai kaurin casis, saboda a bayan casis ta ciki, gefen hagu, akwai wani siririn faif da bai wuce kaurin biro ba. Shi ke kai man birki tayoyin baya. In wutsiyar bol ta yi tsawo za ta taɓa shi, mota na girgiza tana gogarsa, har ta huda shi. Ranar da ya huje, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa.

Na yanke biyun nan na aje a kan tebur, na shiga ƙarƙashin mota in daidaita faranti. Sai na ji injin Ɗan'asabe ya ɗauka. "An kawo!" Akwai wata ƙofar gida da ta yi sati uku jingine tana jiran walda, mai ita kullum sai ya leƙo. Na fito da rarrafe na yi kanta. Wutar ta yi kamar minti arba'in ta tafi. Ina juyowa ga Sabi'u, direban Alhaji, yana tsaye yana kaɗa makulli, wai za a kai mota wanki. Na sa hannu cikin gwangwanin bol na ɗauki biyu, na shiga na ɗaure tam. Na sa jak na ɗaga, ƙarfe ko motsi. Sabi'u ya ce, "Baba, aiki ya yi." Ya ja mota ya tafi.

Asabar da safe, bayan na dawo daga masallaci na karya, na buɗe shago ina kakkaɓe tebur. Na ɗaga wani tsumma, sai ga gajerun bol biyu kwance, da sabon yankan zarto a bakinsu.

Na kira Alhaji, waya a kashe. Na kira Sabi'u, a kashe. A shekarar nan wayar kowa a kashe take, ina wutar caji? Na cusa bol ɗin a aljihu, na ɗauki sifana biyu da guntun tiyo, na faɗa wurin Ɗan'asabe.

"Ba ni babur ɗinka."

"Ina kwana dai, Malam Bishir."

"Lahiya lau. Ba ni babur."

"Babu mai a ciki. Abin da ya rage ko kyankyaso ba zai nutse ba. Halan wata hanyar za ka dubo ka kori wani cinikin?"

Na nuna mashi bol ɗin na ce, "Motar Alhaji Mannir. Gefen birki."

Nan take ya miƙe. Ya kwantar da babur ɗin gefe guda don ɗan man ya gangaro, ya tayar mani da kansa.

Na isa Ƙofar Marusa na tarar da motar a ƙofar gida, inji na aiki. An ɗaure buhun shinkafa da kwallaye a sama, mata sun cika baya. Alhaji na tsaye da maƙwabtansa dattawa su huɗu da suka fito sallama. Biyu daga cikinsu na san su, sun ce mani za su kawo motocinsu in sun ga yadda ta Alhaji ta fito.

Ku da kuka tashi a garin nan kun san ba a faɗa wa dattawa da magana kamar an jefo ka. Na durƙusa na fara daga na dama. Ina kwana, an tashi lahiya, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya muka ji da jama'a. Ya amsa ya maido mani nawa, har da tambayar jikin wata gwaggona. Na koma ga na biyu. Bakina na gaisuwa, idona na ƙarƙashin mota. Ina kan na uku na ga Sabi'u ya shiga ya rufe ƙofa.

Da na zo kan Alhaji, ya ce, "Malam Bishir da sassafe haka? Halan rakiya za ka yi mana?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, a kashe mota."

Aka kashe. Kowa ya zuba mani ido. Ina iya cewa na zo in ƙara dubawa ne kawai, ba wanda zai yi mamaki, an san halina. Amma in na ce haka Alhaji zai ce rana na yi, a bari sai sun dawo. Sai na buɗe tafin hannuna.

"Waɗannan ya kamata a ce suna jikin motarka. Kuskurena ne. An kawo wuta na yi gaggawa."

Ɗaya daga cikin dattawan ya leƙo ya ce, "To in suna hannunka, mi ke riƙe da ƙarfen?"

Na ce, "Dogaye ne, Alhaji, waɗanda ban yanke ba. Kuma faif ɗin birki na bayansu."

Na roƙa kowa ya sauka. Matan suka fara fitowa suna gyara mayafi, ana ta "Lahiya? Lahiya?" Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba, mahaifiyar Alhaji, Hajiya Inna, tsohuwa tukuf, tana zaune bayan direba da carbinta.

Ta ce, "Mannir, wane ne wanga da ya hana mu tafiya?"

"Inna, mai waldan ne. Shi ya yi ƙarfen da kika taka kika hau."

Ta leƙo ta taga ta dube ni. "Kai ne? Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Tun da ya sayo raƙumin nan ake cicciɓata kamar buhun gero ana jefawa ciki. Yau da ƙafata na hau."

Na ce, "Amin, Hajiya. Da za ki ɗan sauko in duba ƙasa."

"In sauko? Ni da ƙasa sai ƙauye. Ka shiga ka yi aikinka, ba ni da nauyi."

Alhaji ya ɗaga mani kafaɗa. Na kwanta na shige da fararen kayana. Na zura yatsa bayan casis, na bi wutsiyar bol na farko, akwai ɗan rata. Na bi na biyu, yana zaune daram a kan faif ɗin. Na haska da 'yar fitila. Daga Ƙofar Sauri zuwa wurin wanki zuwa Ƙofar Marusa kawai motar ta yi, a kan kwalta, amma har ya ci fentin, wurin ya yi fari kamar an karce da farce.

Na kira Sabi'u ya riƙe kan bol ta waje, ni ina kwance noti ta ciki. Wuri ne matsattse, sifana kwata take juyawa. Ina cikin haka na ji an buga ƙasan mota da sanda daga sama.

"Ɗan nan, kana nan da rai?"

"Ina nan, Hajiya."

"To ka yi sauri. In aka raɗa sunan nan ba ni, kai zan kama."

Na fidda dogayen, na sa gajerun, na tsaga tiyo na naɗe faif ɗin a wurin da ya gogu. Na sa Sabi'u ya taka birki da ƙarfi sau ashirin, yatsana na kan wurin. A bushe yake. Na fito, rigata ta koma kalar ƙasa, na miƙa wa Alhaji dogayen bol ɗin. Ya juya su a hannu yana duba tsawonsu.

Can ya ce, "Malam Bishir, da ka yi shiru, wa zai sani?"

Na ce, "Gangaren nan na bakin rafi zai sani, ranka shi daɗe."

Duk da haka ban bar su sun kama hanya ba sai da muka biya wurin bakanike, domin ni mai walda ne, birki ba fannina ba ne. Na bi su a baya da babur. Bakanike ya shiga ya duba ya ce fenti ne kawai ya tashi, faif lahiya lau. Suka wuce. Babur kuwa a nan ya ce ga garinku, na turo shi da ƙafa har Ƙofar Sauri, Ɗan'asabe na hango ni yana riƙe ciki don dariya.

Cikin dattawan nan biyu, ɗaya ya kawo motarsa bayan wata guda. Ɗayan bai kawo ba, na ji ya kai wani wuri, kuma ban ga laifinsa ba. Tun daga Asabar ɗin nan na kafa wa kaina doka biyu. Bol ɗin da na yanke aljihuna yake shiga, dogaye kuwa ba sa kwana kusa da motar da nike aiki. In kuma ina ƙarƙashin mota, ko wutar shekara aka kawo ba na fitowa sai na gama abin da na shiga yi.

Saboda haka ku masu miƙo mani waya, ga amsarku. In hanyarku dutse ce da kwazazzabo, ku sa, amma mai kauri, a casis, kuma ku tsaya ku ga an ɗaga motar da shi. In yashi ce, ko daga gida zuwa ofis, ku bar motarku ta huta. In kuma mai walda ya ce maku zuwa la'asar zai gama, ku tambaye shi mi ke bayan ƙarfen da zai huda.

Ranar Litinin bayan sunan, da hantsi, Sabi'u ya tsaya da motar a ƙofar shagona, duk ta yi laka. Ya ce in zo in gani. Ƙarfen hagu ya samu tabo mai tsawon kamu guda, fenti ya tashi, ƙarfe ya fito fili. Wai ruwan sama ya zaizaye gangaren, motar ta zame gefe ta hau kan wani dutse, suka ji ƙara kamar an buga ganga. Ya buɗe ƙofar baya ya rufe a gabana, ta shiga lahiya lau.

Na ce, "Birki fa?"

"Baba, tun daga saman gangaren ƙafata na kansa har cikin rafi. Bai ko yi tari ba."

Sai ya ɗauko ƙullin daddawa da na kuka daga kujerar gaba, ya ce Hajiya Inna ta aiko mani. Akwai kuma saƙo. Wai ƙarfen ya yi, amma ya ɗan yi mata tsawo, gwiwarta na ciwo, in sauke shi ƙasa kamar taƙi ɗaya.

Na ce, "Sabi'u, in na sauke shi taƙi ɗaya, dutsen farko zai tafi da shi."

"Ni dai ba zan iya gaya mata ba. Ka je da bakinka."

Na je. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na yi bayani dalla-dalla, casis da dutse da ratar da ke tsakanin mota da ƙasa, har da zane da yatsa a kan tabarma. Ta saurara tana jan carbi, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ce, "Na ji, ɗan nan. To yaushe za ka sauke shi?"

Ƙarfen na nan inda na sa shi har yau. 'Yar kujera na ƙera mata ta ƙarfe, Sabi'u na aje mata a ƙasa in za ta hau. Ta yi amfani da ita shekara uku, kuma har ta koma ga Allah, duk wanda ya ambaci sunana a gabanta sai ta ce yaron kirki ne, amma ba ya jin magana.